Gidan Hauteville: Zuriyar da ta ci Sisili da takobi, ta riƙe ta da alƙalami

Tankred na Hauteville ƙaramin basarake ne a Normandi, arewacin Faransa, a farkon ƙarni na 11. Allah ya ba shi 'ya'ya maza 12 daga mata biyu, ga shi ƙasar gado ba ta isa rabo ba. Don haka akasarinsu suka gangara kudancin Italiya suna sojan haya.

Kafin a ankara, baƙi sun zama masu gari. A 1059 Fafaroma Nikolas na 2 ya naɗa ɗaya daga cikinsu, Robat Giskar, sarautar Apuliya da Kalabriya. Shi da ƙanensa Roja suka karɓe Palermo daga hannun Musulmi a 1072, Roja ya kammala cin tsibirin Sisili a 1091. A 1130 aka naɗa ɗansa, Roja na 2, sarki.

Wannan sarki ya jingina mulkinsa ga magatakardan Larabawa da Girkawa. Ofishin filaye da haraji, wato diwani, da Larabci yake rubuta kundayensa, haka ma kuɗin zinari na ɗauke da rubutun Larabci. A fadarsa al-Idrisi ya kammala littafin taswirar duniya a 1154, inda ya ambaci Gana da Gawo da Kanem.

Rashin magaji ne ya tuge gidan. Jikansa, Wiliyam na 2, ya rasu a 1189 bai bar ɗa ba, rikicin gado ya ɓarke. A 1194 Henri na 6 na Jamus, mijin gwaggonsa Konstans, ya shiga Palermo ya karɓi sarautar.