Tanderun motar shaƙatawa

Tanderun motar shaƙatawa ƙaramin tanderu ne da ake kafawa a kicin ɗin motocin da aka ƙera domin a yi tafiya da su, a kuma kwana a cikinsu. Ana gasa burodi, kek, kaza, kifi da dankali a cikinsa kamar yadda ake yi a obin na gida. Mafi yawansu da gas suke aiki, wasu kuma da lantarki. Ƙanƙantarsa da ƙuncin ɗakin da yake ciki sun sa zafinsa ba ya rarrabuwa daidai, kuma kuskure wajen amfani da shi ya fi saurin jawo haɗari fiye da a gida.

Motocin da ake samunsa a ciki

Motar shaƙatawa iri biyu ce: akwai mai injin kanta, akwai kuma tirelar da wata mota ke ja. Amurkawa na kiran duka biyun da gajeren suna RV, Faransawa na ce wa mai injin camping-car, Jamusawa kuma Wohnmobil, wato mazauni mai motsi. An fi amfani da su a Arewacin Amurka, Turai, Ostireliya da New Zealand. A Amurka, yawancinsu ana ƙera su ne a jihar Indiana, musamman a yankin garin Elkhart.

Ba kowace irin wannan mota ce ke da tanderu ba. Tirelolin da ake sayarwa a Birtaniya galibi suna zuwa da cikakken tanderu da magashi, amma da yawa daga na Jamus da Faransa murhu kawai suke da shi, sai mai saye ya nemi a ƙara masa tanderun. Cikin kamfanonin da ke ƙera waɗannan tanderu akwai Dometic, Thetford, Suburban da Furrion.

Tarihi

Girki a cikin abin hawa na shaƙatawa ya riga motar kanta. A shekarar 1885 likita kuma marubuci ɗan Scotland, William Gordon Stables, ya fara yawo da keken doki mai ɗaki mai suna The Wanderer, wanda aka ƙera masa a Bristol, kuma yana ɗauke da murhu mai aiki da kananzir. An kafa ƙungiyar Caravan Club a Birtaniya a 1907, sannan ƙungiyar Tin Can Tourists a Tampa ta jihar Florida a 1919. Matafiyan wancan zamani da risho da itace suke girki, sau da yawa a waje.

Abin da ya sauya lamarin shi ne gas ɗin tukunya. A 1910 masanin sinadarai Walter Snelling na hukumar ma'adinai ta Amurka ya gano gas ɗin furofen a cikin tururin fetur. Da aka samu hanyar ɗura shi a tukunyar ƙarfe, sai matafiyi ya samu makamashi marar hayaƙi da za a iya ƙara masa ƙarfi ko a rage. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu murhu mai tanderu a ƙarƙashinsa ya zama ruwan dare a tirelolin Amurka. Na'urar maikirowef ta kan tebur, wadda kamfanin Amana ya fitar a 1967, ta shiga waɗannan motoci daga baya.

Nau'o'i

Tanderun gas shi ne mafi daɗewa. Yana haɗe da murhu mai kai biyu ko uku a samansa. A Amurka ana sayar da shi a girma biyu, mai tsayin inci 17 da mai inci 21, kuma cikinsa ba ya ɗaukar manyan farantan gashi na gida. Wutarsa tana ba da zafi kimanin kilowat 2. Kilogiram ɗaya na furofen na ɗauke da makamashi kusan kilowat-awa 14, saboda haka tukunya mai kilogiram 9 za ta iya riƙe tanderun kimanin awa 60 idan shi kaɗai ke sha. Babban amfaninsa shi ne yana aiki ko a daji inda babu wutar lantarki.

Irin gas ɗin ma yana da tasiri. Furofen na zama iska daga digiri 42 ƙasa da sifili a ma'aunin Selsiyas, biyuten kuwa sai zafi ya kai wajen sifili. Shi ya sa tukunyar biyuten kan ƙi ba da gas a lokacin tsananin sanyin Turai, ko da tana cike.

Nau'i na biyu shi ne maikirowef mai fanka. Ban da ɗumama abinci, yana da waya mai zafi da fankar da ke zagaya da iskar zafi, don haka yana gashi kamar tanderu, kuma zafinsa ya fi rarrabuwa daidai. Matsalarsa wuta ce, domin yana jan kimanin wat 1,500. A zangon matafiya na Amurka, layin amfiya 30 a kan bolt 120 yana ba da wat 3,600 ne kawai ga motar baki ɗaya. Idan na'urar sanyaya ɗaki da ta dafa ruwa suna kunne, ƙara tanderu kan sa wutar ta yanke. A wasu zanguna na Turai amfiya 6 ake bayarwa a kan bolt 230, wato wat 1,380, wanda bai ma isa ba. Idan daga batir mai bolt 12 za a ja wutar ta hanyar inbata, za a buƙaci fiye da amfiya 125, kuma batir mai amfiya-awa 100 ba zai kai awa ɗaya ba.

Nau'i na uku shi ne tanderun da ake ɗorawa a kan murhu, irin Omnia na ƙasar Sweden. Yana da gindi na ƙarfe, da kwano mai rami a tsakiya, da murfi. Zafi na dafa ƙasan abincin, wani kuma ya bi ta ramin ya bugi murfin ya sauko sama. Masu ƙananan motoci ne suka fi amfani da shi.

Kunna tanderun gas

Tsofaffin tanderu da yawa suna da ɗan ƙaramin harshen wuta a can ciki, wanda ake kira failot, kuma daga shi babbar wutar ke kamawa. Mai girki kan buɗe ƙofa, ya murɗa makunni zuwa alamar failot, ya danna shi, sannan ya kai doguwar laita wurin. Bayan wutar ta kama sai ya ci gaba da dannawa kamar daƙiƙa 30. Dalili shi ne akwai wata 'yar sandar ƙarfe a jikin harshen wutar, wadda idan ta yi zafi take samar da ɗan ƙaramin lantarki mai riƙe hanyar gas a buɗe. Idan wutar ta mutu sandar ta huce, hanyar sai ta rufe da kanta. Sababbin tanderu suna da makunni mai tartsatsi, amma tsarin tsaron bai canza ba. Idan wutar ta ƙi kamawa, ana kashe makunnin a jira 'yan mintuna gas ɗin da ya taru ya watse kafin a sake gwadawa.

Matsalar ƙonewar ƙasan abinci

Koken da aka fi yi a kan wannan tanderu shi ne ƙasan abinci ya ƙone alhali samansa bai nuna ba. Wutar tana ƙarƙashin wani siririn faranti na ƙarfe, kuma tazarar da ke tsakaninta da abincin kaɗan ce. Bangon tanderun ma ba shi da kauri, ba ya riƙe zafi, don haka duk buɗe ƙofa na zubar da kaso mai yawa na zafin da aka tara.

Maganin da ya fi yaɗuwa shi ne a ɗora dutsen gasa fiza ko tayil marar fenti a kan farantin da ke saman wutar. Dutsen na shan zafin ya riƙa sakinsa a hankali, irin aikin da yashi ke yi idan ana gasa kek a cikin tukunya. Sharaɗinsa kada ya toshe ramukan iska da ke gefen farantin. Saboda wannan dalili ne masu ƙera tanderun ke hana shimfiɗa takardar alminiyam a ƙasansa.

Ana kuma barin tanderun ya yi zafi minti 15 zuwa 20 kafin a sa abinci, a ɗaga ragar zuwa tsakiya, a juya farantin idan an kai rabin lokaci. Faranti mai haske ya fi baƙi, domin baƙi ya fi shan zafi. Lambobin da ke jikin makunni ba koyaushe suke daidai ba, shi ya sa ake rataya ma'aunin zafi a ciki. Digiri 350 a ma'aunin Amurka daidai yake da kusan 180 a Selsiyas, ko lamba 4 a makunnin gas na Birtaniya. Idan motar ta karkace a inda aka ajiye ta, ƙullun kek zai gangara gefe guda, don haka ana daidaita tayoyin tukuna.

Gashi a kan tsaunuka

Motar shaƙatawa na iya kwana a bakin teku yau, gobe ta kwana a kan dutse. Idan aka hau sama nauyin iska na raguwa. A tsayin mita 1,500 ruwa na tafasa a wajen digiri 95, ƙullu kuma na saurin kumbura ya faɗi kafin ya ƙame. Daga wajen mita 900 zuwa sama, ana rage yis ko bekin fauda da sukari, a ƙara ɗan ruwa, a ɗaga zafin da kimanin digiri 10.

Haɗari da kariya

Haɗari mafi girma shi ne iskar kabon monoksaid. Tana fitowa idan gas bai samu isasshiyar iska ya ƙone sarai ba. Ba ta da launi, ba ta da wari, kuma tana manne wa jini fiye da iskar shaƙa sau 200 da wani abu. Alamominta na farko su ne ciwon kai, jiri da tashin zuciya, mai barci kuwa yana iya mutuwa bai farka ba. Harshen wuta mai lafiya shuɗi ne. Rawaya mai barin baƙi a jikin tukunya alama ce ta matsala. Saboda cikin motar ƙarami ne, ana buɗe taga ko kafar rufi a kunna fanka duk lokacin girki, kuma ba a kunna tanderu domin ɗumama ɗaki. Buɗe tagar na fitar da danshi ma, domin ƙona kilogiram ɗaya na furofen na samar da ruwa kusan kilogiram 1.6 a matsayin tururi.

Haɗari na biyu shi ne yoyon gas. Furofen ya fi iska nauyi kusan sau ɗaya da rabi, don haka ƙasa yake kwanciya. Shi ya sa ake sa na'urar gano shi kusa da daɓe, ake kuma barin ramuka a ƙasan akwatin tukunya. Ana zuba masa sinadari mai wari domin hanci ya ji shi, kuma ana gwada mahaɗar bututu da ruwan sabulu, ba da ashana ba. Ba a cika tukunya fiye da kashi 80 cikin 100, domin gas ɗin ya samu wurin buɗewa idan ya yi zafi. Ba a girki a tanderu mota na tafiya, kuma ana kashe kowace wuta kafin a shiga gidan mai.

Ƙa'idoji

A Amurka ƙa'idar NFPA 1192 ce ta tsara yadda ake haɗa bututun gas da na'urorin gargaɗi a waɗannan motoci. A Turai ƙa'idar EN 1949 ce, wadda a ƙarƙashinta regileta ke ba da gas a matsin miliba 30. A Jamus ana yi wa tsarin gas na motar gwajin da ake kira G 607 duk bayan shekara biyu. Jiragen ruwa masu ɗaukar motoci kan buƙaci a rufe tukunyar gas kafin a shiga, kuma hanyoyin ƙarƙashin ruwa biyu na birnin Baltimore ba sa barin motar da ke ɗauke da manyan tukwanen furofen ta wuce, sai ta bi wata hanya.