Shin Ko Kun San? Hunturunmu Da Igiyar Tekun Legas

Shin ko kun san iskar hunturun da ke tsattsaga wa manoman Gozaki da Malumfashi leɓe da dunduniya, akwai samarin da ke murnar zuwanta a bakin tekun Legas? Su ne masu hawan igiyar ruwa a kan allo. Iskar daga arewa maso gabas take busowa, wato daga tudu ta nufi teku, sai ta tokare igiyar, ta hana ta rushewa da wuri, fuskarta ta yi sumul. Iskar da ta taso daga teku kuwa dagula ruwan take yi, kuma yawanci sai rana ta take take ƙarfi. Shi ya sa suke sammako.

Sai dai manyan igiyoyin da damina suke isowa, wajen Mayu zuwa Satumba, lokacin da hankalinmu ke kan masara da dawa. Guguwar da ke haifar da su tana can kudancin Tekun Atlantika, tafiyar dubban kilomita.

Shin ko kun san Tarkwa Bay, inda 'yan Legas suka fi yin wasan, sai da jirgin ruwa ake zuwa? Ƙasan ruwan yashi ne. Igiya tana karyewa ne inda zurfi ya kusa daidai da tsayinta, tudun yashin kuma ƙaura yake yi, don haka wurin da ya yi daɗin hawa bana, baɗi ba lallai ba.

Ana yawan jingina wasan ga mutanen tsibirin Hawayi, amma tun 1834 wani Bature, James Alexander, ya rubuta cewa ya ga yara a Akara suna hawan igiya da allunan katako. Wasan bai shiga gasar Olamfik ba sai a Tokiyo a 2021.

Ga wadda ta fi muhimmanci. Ruwan da igiya ta turo gaɓa yakan koma ta wata siririyar hanya da ƙarfin gaske, kuma saman wurin a kwance yake, shi ke yaudarar baƙo. Iya iyo a dam ɗin Mairuwa ba ya fid da mutum a nan. In ruwan ya ja ku, kada ku yi kokawa da shi. Ku yi iyo a kaikaice, gefe guda, har ku fita daga hanyarsa, sannan ku nufi tudu.