Ƙofar kudu ta Olembe: sabon fili ba ya tsare rai in babu tsari

Ranar Litinin 24 ga watan Janairu na shekarar 2022, tun da la'asar jama'a suka fara kwarara zuwa Olembe, wata unguwa da ke arewacin Yawunde, babban birnin Kamaru. A daren nan ne ƙungiyar ƙasar za ta kara da ta tsibiran Komor a zagaye na biyu na gasar cin kofin Afirka. Filin wasan sabo ne fil, domin bai cika wata biyar ba da buga wasan farko a cikinsa. Yana ɗaukar mutum dubu 60, an kuma raɗa masa sunan shugaban ƙasa Paul Biya. Kamaru ta yi nasara da ci 2 da 1. Sai dai tun kafin alƙalin wasa ya busa usur, mutane sun riga sun fara mutuwa a ƙofar kudu. Da ƙura ta lafa aka ƙirga, mutum 8 sun rasu, har da ƙaramin yaro, wasu 38 kuma sun ji rauni.

Babu bangon da ya rushe a daren nan, babu wutar da ta kama, magoya bayan ƙungiyoyin biyu kuma ba su yi faɗa ba. Ginin na nan tsaye ƙalau. Abin da ya gaza shi ne tsarin shigar da jama'a.

Yadda abin ya faru

An yi gasar ne ana cikin annobar korona. Saboda haka hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF, ta ƙayyade cewa a wasannin Kamaru kada a cika fiye da kashi 80 cikin ɗari na kujeru, wato mutum dubu 48 a Olembe. Aka kuma gindaya wa kowane ɗan kallo sharaɗin nuna takardar allurar rigakafi da ta gwajin cutar, baya ga tike. A kwanakin farko wannan ya sa filaye da dama suka kasance wayam, abin da bai yi wa hukumomi daɗi ba alhali duniya na kallo a talabijin. Sai gwamnati ta rage lokutan aiki da na makaranta, aka kuma shiga rabon tike kyauta domin a cika kujeru.

Ranar wasan Komor jama'a suka amsa kira. Da yawansu sun iso a makare, kowa na son ya zauna kafin ƙarfe takwas na dare. A bakin ƙofa kuwa ana duba takardu ɗaya bayan ɗaya. Masu isowa suka fi masu shiga yawa, taro ya yi ta kumbura a gaban shingen ƙarfe.

Washegari shugaban CAF, Patrice Motsepe, ya shaida wa ƴan jarida cewa akwai ƙofar da ya kamata a ce tana buɗe amma aka same ta a rufe, kuma da a buɗe take da mutane sun wuce lafiya. Bayan ƴan kwanaki ministan wasanni na Kamaru, Narcisse Mouelle Kombi, ya gabatar da sakamakon binciken gwamnati. A cewarsa jami'an tsaro sun rufe ƙofar kudu na ɗan lokaci da suka ga yawan jama'a, sannan da abin ya fi ƙarfinsu suka buɗe ta ba tare da lissafi ba, taro ya afka ciki lokaci guda. Bayanan biyu sun haɗu a wuri ɗaya: an tara mutane a inda ba su da mafita, sannan aka sake su ta ƙaramar kafa.

CAF ta ɗauke wasan kusa da na kusa da na ƙarshe daga Olembe ta mayar da shi tsohon filin Ahmadou Ahidjo. Bayan an sake tsarin ƙofofi aka dawo, aka buga wasan Kamaru da Masar ranar 3 ga Fabrairu, da wasan ƙarshe ranar 6 ga wata, inda Senegal ta ɗauki kofi. Fili ɗaya ne, jama'ar ma su ne, amma a waɗannan darare biyu kowa ya koma gida.

Mutuwa a tsaye

Galibi in an ji labarin turmutsitsi, abin da ke zuwa a rai shi ne mutane sun firgita, suna gudu suna tattake juna. Masana harkar taro sun nuna cewa akasarin masu mutuwa numfashi ne ke gagarar su. In mutum shida ko bakwai suka cushe a wurin da bai fi mita ɗaya tsawo da mita ɗaya faɗi ba, wato kamar ƙaramar tabarma, babu wanda ke da ikon ƙafarsa. Taro yakan koma kamar ruwa, in an tura daga baya nauyin ya bi jiki zuwa jiki har ya isa ga wanda ke jingine da shinge. Ƙirjinsa ba ya iya buɗewa, cikin ƴan mintoci sai ya suma, wani lokaci ma yana nan tsaye. Na baya kuwa bai san abin da ake ciki a gaba ba; shi dai yana ganin an ɗan motsa, sai ya ƙara matsowa.

Wannan magana ce ta lissafi, irin wanda kowane ɗan kasuwa ya saba da shi. A Ingila ƙa'idar tsaron filaye ta ɗauka cewa ƙofa mai juyi, wadda ke barin mutum ɗaya-ɗaya ya wuce, ba ta shigar da fiye da mutum 660 a sa'a guda. Ke nan in ana son shigar da mutum dubu 48 cikin sa'a ɗaya, sai an sami irin wannan ƙofa sama da 70, dukansu suna aiki. In an ƙara duba takardun likita da lalube aljihu, adadin masu wucewa zai ragu ƙwarai. Duk wanda ya gayyato jama'a bai yi wannan lissafi ba, ya riga ya haƙa rami tun kafin ranar wasa.

Sanda da hayaƙi

Matsala ta biyu ita ce irin horon da jami'an tsaro suka samu. Ɗan sanda ko jandarma da aka koya wa kwantar da tarzoma, in ya ga taro na matsowa, abin da ya sani shi ne ya rufe ƙofa, ya ɗaga kulki, ko ya harba hayaƙi mai sa hawaye. A titi mutane na da inda za su watse. A filin wasa kuwa bango ne a kowane gefe.

Hausawan zangon Gana ba su manta da ranar 9 ga Mayu 2001 ba. A filin wasa na Akara, Hearts of Oak ta ci Asante Kotoko 2 da 1, wasu magoya baya da suka fusata suka shiga jifa da kujeru da kwalabe. Ƴan sanda suka harba hayaƙi cikin ƴan kallo. Jama'a suka ruga kan matakala, suka tarar da ƙofofi a kulle. Mutum 126 suka rasu, da yawansu matasa ne daga Nima da sauran unguwannin Musulmi na birnin. Kwamitin bincike ya ɗora wa ƴan sanda laifin wuce gona da iri, aka gurfanar da jami'ai shida gaban kotu, amma daga bisani aka sallame su. Dokokin tsaro na hukumar FIFA sun hana masu gadin fili ɗaukar bindiga ko hayaƙin tarwatsa taro. Duk da haka an sake yin wannan kuskure a Malang ta Indonesiya ranar 1 ga Oktoba 2022, inda mutum 135 suka halaka, da kuma a Nzerekore ta ƙasar Gine ranar 1 ga Disamba 2024, inda gwamnati ta ce 56 sun mutu.

Abin da ya fi kama da na Olembe shi ne na filin Hillsborough a Ingila, ranar 15 ga Afrilu 1989. Magoya bayan Liverpool fiye da dubu 10 aka ware wa ƙofofi masu juyi bakwai kacal. Da cunkoso ya tsananta a waje, kwamandan ƴan sanda ya ba da umurnin buɗe wata babbar ƙofar fita, mutane suka kwarara zuwa ɓangaren da ya riga ya cika. Rayuka 97 suka salwanta sanadin wannan rana. Hukumomi suka daɗe suna cewa laifin ƴan kallo ne. Sai a 2016, bayan shekara 27 iyalai na fafutuka, wata kotun bincike ta wanke magoya bayan, ta tabbatar da sakacin ƴan sanda. Daga wannan masifa Ingila ta sake hali: aka cire shingayen ƙarfe da ke tsakanin ƴan kallo da fili, aka bai wa kowa kujera mai lamba a manyan filaye, aka damƙa yawancin aikin ga ma'aikatan da aka horar musamman domin kula da taro, ƙarƙashin jami'i guda mai alhakin tsaro.

Gani ga wane

Nijar ba ta rasa nata rabo a wannan magana ba. Filin Janar Seyni Kountché na Yamai, wanda aka buɗe a 1989, ya karɓi wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci a 2005, sannan shi da filin Maraɗi suka karɓi gasar Afirka ta ƴan ƙasa da shekara 20 a 2019. A 2024 kuwa sai da Mena ta je Maroko karɓar baƙinta, saboda filin Yamai bai cika sharuɗɗan CAF ba. Babu mamaki in magoya baya suna kiran a gyara ko a gina sabo. Amma Olembe ya nuna cewa siminti da fitilu rabin aiki ne.

Sauran rabin ba ya cin kuɗi mai yawa. A buɗe ƙofofi sa'o'i kafin wasa, a kuma sanar da jama'a ta rediyo. A kafa shingen duba tike nesa da bango, domin marar tike ya tsaya tun can. Kada a sayar ko a raba tike fiye da yawan kujeru, ko da wani babba ne ya biya domin a yi masa tafi. Kada a sa kwaɗo a ƙofar fita muddin akwai mutum a ciki. A sami mutum ɗaya a sama mai hangen dukan ƙofofi, mai ikon jinkirta wasa in ya ga cunkoso, wanda kuma ƴan sanda da jandarmomi duka za su ji maganarsa. A tanadi motar ɗaukar majinyata da hanyar da za ta bi. Waɗannan ƙa'idoji sun shafi filin kokowa ranar da ake neman takobi kamar yadda suka shafi filin ƙwallo.

Ɗan kallo ma yana da nasa: ya zo da wuri, kada ya shiga tsakiyar cunkoso da ƙaramin yaro, in ya ga gaba ta toshe ya ja da baya. Amma nauyi mafi girma yana kan wanda ya kira taron da wanda ke riƙe da mabuɗi. Mutum takwas ɗin Olembe kallon ƙwallo suka fito, iyalansu kuma suna jiran su dawo a daren.