Sukuwar motoci a Amurka: yadda ake zaɓen taya da awonta

A ƙasar Amurka akwai wata irin sukuwa ta motoci wadda ake gamawa tun mutum bai kurɓe kofin shayi ba. Motoci biyu ke tsayawa kafaɗa da kafaɗa a bakin wani miƙaƙƙen fage na kwalta, fitila ta nuna kore, su zabura. Wadda ta riga cin mita 402, watau rubu'in mil a awon ƙasar, ita ke da nasara. Babu kwana, babu zagaye. Amurkawa suna kiran wannan wasa dirag. Akwai motocin da aka ƙera domin shi kaɗai, amma da yawa daga cikin masu zuwa fagagen da motocinsu na gida suke zuwa, watau motar da mai ita ya tafi aiki da ita da safe, kuma da ita zai koma gida da dare. Ga irin wannan mutum, shawara mafi wuya ita ce ta taya: wace iri zai saya, kuma mai wane awo?

Wasan ya faro ne bisa titunan gari, inda samari suka riƙa kashe kansu da kashe bayin Allah masu wucewa. Cikin shekara ta 1950 wani mutum mai suna C. J. Hart ya buɗe fage a filin jirgin sama na Santa Ana, cikin jihar Kalifoniya, domin a raba samarin da titi. Cikin 1951 Wally Parks, editan mujallar Hot Rod, ya kafa ƙungiyar NHRA, wadda ta tsara dokokin wasan, ta kuma yi gasarta ta farko ta ƙasa baki ɗaya cikin 1955 a Great Bend, jihar Kansas. Tun lokacin aka gane cewa ƙara wa inji ƙarfi ya fi sauƙi bisa ga sauke wannan ƙarfi a ƙasa.

Dalili kuwa a fili yake. Komi ƙarfin inji, ba ya taɓa kwalta sai ta wurin da taya ta dafa ƙasa, wurin da bai fi tafin hannu da yawa ba a motar gida. In ƙarfin ya fi abin da robar ke iya riƙewa, sai taya ta yi ta juyawa wuri ɗaya, hayaƙi ya turnuƙe, abokin karawa kuwa ya yi gaba. Domin haka ne a takardar sakamako da ake miƙa wa kowane direba, masana ba su fara duban lokacin ƙarshe. Suna fara duban lokacin da mota ta ɗauka wajen cin mita 18 na farko, watau ƙafa 60. Ƴan wasan suna cewa wanda ya rage kashi ɗaya cikin goma na sakan a wannan ɗan taƙi, zai ga ya rage kusan ninkinsa a ƙarshen fage. Mota mai ƙarfin doki 400 da taya mai kamu takan kunyata mai 500 da ke zamewa.

Taya iri uku

Iri na farko shi ne tayar titi da kowa ya sani. An yi robarta da tauri domin ta daɗe, an yi mata zane mai zurfi domin ta kore ruwa. Tana kai mutum gida lafiya, amma a bakin fage ba ta da kamu.

Iri na biyu shi ne taya mai sanƙo, wadda ba ta da zane ko ɗaya. Kafin a fara ƙera ta, ƴan wasa tsofaffin tayoyi suke kai wa masu gyara a liƙa musu sabuwar roba marar zane. Kamfanin M&H na Marvin Rifchin da mahaifinsa Harry, a jihar Massachusetts, shi ya yi suna wajen ƙera ta musamman domin wannan wasa cikin shekarun 1950, daga baya Goodyear ya shigo. Zaren da ke cikin wannan taya a gicciye aka saƙa shi, gefenta kuma laushi gare shi ƙwarai. Lokacin da mota ta zabura, gefen yakan tattare kamar bakin zani, ya shanye bugun farko, sa'an nan ya warware ya tura motar gaba. Ita ce sarauniyar kamu, amma doka ta hana hawa titi da ita. Wanda ya zaɓe ta dole ya ɗauko ta cikin mota, ya ɗaura a fage, ya kwance in an tashi.

Iri na uku shi ne ya fi jan hankalin masu motar gida. Taya ce radiyal, irin saƙar da kamfanin Michelin na Faransa ya yi wa rajista cikin 1946, amma an yi ta da roba mai laushi irin ta tsere, aka ɗan tsaga mata zane kaɗan domin ta sami hatimin DOT na ma'aikatar sufuri ta Amurka. Kamfanin BFGoodrich ya fito da ita cikin shekarun 1990, su Nitto da Mickey Thompson da Hoosier suka bi sawu. Da ita mutum yana iya tuƙa motarsa zuwa fage, ya yi tsere, ya tuƙo ta gida.

Tsakanin ta biyu da ta uku, giyar mota ke raba gardama. Mota mai giyar hannu, wadda direba ke sakin kuloci farat ɗaya, tana dukan taya da ƙarfi, kuma mai sanƙo ce ke jure wannan duka: ko ta ɗan zame takan sake kamawa. Radiyal ba ta yafe kuskure. Gefenta ya fi tauri, kuma in ta soma zamewa, sai direba ya ɗaga ƙafa kafin ta dawo hayyacinta. Amma a mota mai canza giya da kanta, wadda ke sakin ƙarfi sannu a hankali, radiyal takan fi sauri, domin ba ta cinye ƙarfin inji wajen mirginawa, ba ta kuma rawa in gudu ya kai gudu.

Karatun lambobi

Mai karatu da ya duba gefen kowace taya, ko a tashar Maraɗi ce ko a ta Damagaram, zai ga lambobi irin waɗanda Ba'amurke ke dubawa. A ɗauki 275/60R15, awon da ya yi farin jini har ana shirya gasa ta musamman wadda ba a shiga sai da taya mai faɗin 275. Lamba ta farko faɗin taya ne, milimita 275. Ta biyu tsayin gefe ne, amma ba da milimita aka faɗe shi ba: kashi 60 cikin ɗari ne na faɗin, watau milimita 165. Harafin R yana nufin radiyal. Lamba ta ƙarshe girman janti ne, ƙarfen da taya ke hawa, inci 15, watau milimita 381. In an tara gefe biyu da janti, tsayin tayar daga ƙasa zuwa sama ya kama milimita 711, ko inci 28. Taya mai sanƙo ba ta wahalar da mai saye da wannan lissafi: 28x10.5-15 na nufin tsayi inci 28, faɗi inci 10 da rabi, janti inci 15.

Sabon shiga faɗi yake kallo, tsohon hannu kuwa tsayi yake fara tambaya. Ga dalili. Taya mai lamba 275/50R15 faɗinta ɗaya da wadda aka ambata, amma tsayinta milimita 656 ne, kusan inci 26. Kafin ta ci mita 402 sai ta juya sau 195, doguwar kuwa sau 180 ya ishe ta. Bambancin ya kai kashi 8 cikin ɗari, kuma daidai yake da a ce an canza haƙoran giyar baya. Injin da ke ƙetare layin ƙarshe yana juyi 6000 a minti da gajerar taya, da doguwar bai fi 5540 ba. In inji mai ƙarfi ne wanda numfashinsa ke ƙarewa tun ba a kai layi ba, har direba na tilasta wa kansa ƙarin canjin giya, doguwar taya magani ce, ga shi kuma tana shimfiɗa roba mai tsawo a ƙasa. In kuwa inji matsakaici ne, doguwar taya nauyi ce aka ɗora masa: motar za ta tashi da kasala, mai ita ya biya kuɗi ya sayi jinkiri. Akwai kuma abin da ke biyo shi har titi. Allon gudu juyin taya yake ƙirgawa, saboda haka bayan an sa doguwar, in allo ya nuna kilomita 100 a awa, motar 108 take yi, kuma ɗan sanda ba ya karɓar wannan uzuri.

Faɗi ma yana da iyaka. Taya mai faɗin 275 tana son janti mai faɗin inci 8 ko 9. In an matse ta a kan siriri, sai cikinta ya kumbura, bakunanta su ɗage, a ƙare da roba kaɗan a ƙasa. Sa'an nan dole a auna kogon da tayar ke zama, domin bayan mota yakan durƙusa lokacin tashi, taya mai sanƙo kuma takan ƙara tsayi in gudu ya yi yawa. Ƙarfen jikin mota da ya taɓa roba mai laushi a gudun kilomita 180 wuƙa ne. Janti ƙarami mai inci 15 ya fi dacewa da wasan, domin yana barin gefe mai tsawo da zai lanƙwashe, amma motocin zamani manyan birki gare su, ba su karɓar ƙasa da inci 17 ko 18.

Iska da zafi

Tayar titi tana ɗaukar iska wajen bar 2,2, abin da masu gyaran taya ke kira kilo biyu da ɗoriya. A fage ana sauke radiyal zuwa wajen 1,1 ko 1,4, mai sanƙo kuwa har ƙasa da 1, domin ta baje. Direbobin da ke ratsa rairayin Tenere sun san wannan dabara, su ma sukan rage iska domin kada taya ta nutse. Amma in iskar ta yi ƙaranci ainun, janti kan juya cikin taya ya bar ta a baya, shi ya sa wasu ke ɗaure bakin tayar da kusoshi. Kafin a tsaya bakin layi akwai ɗan wuri da ake jiƙawa da ruwa, inda direba ke murza tayoyin har su yi hayaƙi, domin robar ta yi ɗumi ta yi danƙo. Mai tayar titi ana ba shi shawara ya kewaye ruwan, don zanenta yakan kwaso shi ya ɗiga a kan layi.

Kamu yana da farashi. Muddin taya na zamewa, ita ke kare sauran ƙarafa. Ranar da ta kama sosai, bugun duka yakan koma kan sandunan da ke juya ƙafafu, da kuloci, da kusoshin janti, kuma wanda ya fi rauni cikinsu shi zai karye. Ba mutum ɗaya ba ne ya tafi fage da sababbin tayoyi ya dawo bisa bayan motar janwe.

Tayoyin gaba a mota mai tura kanta da baya ba su da aikin kamu, sai a sa sirara marasa nauyi. Abin da masana ke gargaɗi a kai shi ne haɗa mai sanƙo a baya da radiyal a gaba, domin lanƙwasarsu ba ɗaya ba ce, motar takan yi lilo a ƙarshen fage. Ƙananan motoci masu ja da gaba, irin su Honda Civic, lissafinsu a juye yake: masu kamun a gaba suke, gajeru ne kuma.

Kamfanin Dodge ya nuna nauyin wannan al'amari da motarsa Challenger Demon ta 2018, wadda aka ƙera guda 3300. Ta fito daga masana'anta da radiyal ta tsere ƙirar Nitto mai lamba 315/40R18, har sai da aka faɗaɗa jikin motar domin tayoyin su shiga. Da ƙarfin doki 840 ta ci mita 402 cikin sakan 9,65, tana gudun kilomita 225 a awa. A lokacin, wanda ya ƙara dalar Amurka ɗaya tak akan ba shi akwatin kayan tsere, har da siraran jantuna na gaba. Saurin nata ya wuce iyakar sakan 9,99 da NHRA ta ajiye a lokacin ga motar da ba ta da kejin ƙarfe a ciki, sai cikin 2022 ƙungiyar ta sassauta dokar ga motocin da aka ƙera daga 2014.

Saura hanyar gida, wadda ita ce wurin da hatimin DOT ke ruɗin mutane. Hatimin shaida ce cewa taya ta cika ƙa'idar da hukuma ta gindaya, bai ce za ta riƙe mota cikin ruwan sama ba. Zanen radiyal ta tsere ba shi da zurfin da zai kore ruwa, kuma kududdufi kaɗan ya isa ya raba motar da kwalta. Robarta mai laushi tana cinyewa da wuri, tana ƙandarewa da sanyi, tana kuma tsufa ko ba a hau ta ba. Wanda zai sayi ta hannu sai ya duba lambobi huɗu da ke ƙarshen hatimin, waɗanda ake bugawa haka tun shekara ta 2000: in ya ga 2319, an ƙera ta cikin mako na 23 na 2019. Wanda kuma ya rage iska domin tsere ya manta bai mayar ba, tayarsa za ta yi zafi a doguwar hanya har ta iya fashewa. Domin haka masu hankali daga cikin ƴan wasan sukan zo da famfo da jak cikin but, wasu kuma da tayoyin titi guda biyu a kujerar baya, su durƙusa su canza a hasken fitila kafin su kama hanya.