GARGAƊI: Kada a Buɗe Babban Batirin Mota Mai Haɗa Fetur da Lantarki da Hannu Tsirara

Zuwa ga direbobi, masu motoci da masu gyaran wutar mota a Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa.

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, hankalin jama'a ya karkata ga motocin da ba sa shan mai sosai, irin su Toyota Prius da Camry Hybrid. Yawancinsu na hannu ne, batirinsu ya tsufa. Wannan batir yana kisa. Na Prius ƙirar 2004 zuwa 2015 ƙananan batura 28 ne a jere, kowanne bolt 7.2, jimla bolt 201.6. Sifana ɗaya ta kuskure, sai dai labari.

Alamomin rauni a bayyane suke: alama mai kusurwa uku ta kunnu a gaban direba, fankar baya mai sanyaya batir tana ihu, caji yana cika yana sauka nan take, mota ta kasa hawa tudu, shan mai ya ƙaru. Wanda ya ga haka kada ya kama hanyar Funtuwa zuwa Gusau ko ta Sheme zuwa Ƙanƙara da yamma. Kowa ya san abin da tsayuwar mota a daji take nufi a yankinmu.

Malam mai gyara, ka fara duba ƙaramin batir mai bolt 12, domin shi ma yana tayar da fitilun gargaɗi. Sannan ka sa wa motar kwamfuta. Lambar P0A80 tana nuna matsalar babban batir, kuma kwamfutar za ta fito da rukunin da ya faɗi ƙasa da sauran. Kafin ka kwance komai, kashe mota, sa safar roba mai jure bolt 1,000, zare filogin tsaro mai ruwan lemo, ka jira minti 10. Duk waya mai ruwan lemo, ka ɗauka da wuta a cikinta.

Kada awo a zaune ya yaudare ka. Batir mai rauni yakan nuna lafiya har sai an ɗora masa kaya, kamar ƙwan fitilar mota. A cikin ƙananan baturan nan 28, wanda ya gaza 'yan'uwansa da kusan bolt 1.2, ɗaya daga ɗakunansa shida ya mutu. Idan aka musanya shi ba a daidaita ƙarfinsa da na sauran ba, cutar za ta dawo, kuɗin mai mota sun tafi a banza. A wanke fanka, domin ƙurar hunturu tana toshe ta, zafi kuma ya cinye batir.

Idan wuta ta kama mutum, a ture shi da busasshen ice, kada a taɓa shi da hannu. Idan ruwan batir ya zuba a jiki ko ido, a wanke da ruwa mai yawa, a garzaya asibiti. Kada a bar yaran gareji kusa da buɗaɗɗen batir.

Wanda ba shi da kayan aiki, ya tura motar inda ake da su. A isar da wannan saƙo a tasha da gareji. Allah Ya tsare mu.