Yadda Ake Bi Da Doki Mai Cizo A Lokacin Sanya Ragama

Kamar yadda jama'a suka sani, doki dabba ce mai daraja a ƙasar Hausa. Da shi sarakuna da hakimai da dagatai suke fita hawan sallah, da shi kuma matasa suke sukuwa a lokutan bukukuwa. To amma akwai wata matsala da masu dawaki da 'yan barga suke yawan kuka da ita, wato dokin da yake kai cizo ko ya tayar da hankali da zarar an nufo shi da ragama. Cizon doki ba abin wasa ba ne, domin yana iya yage tsoka ko ya karya yatsa, kuma yaran da ake aika barga su ne suka fi shiga haɗari. Saboda haka muka ga ya dace mu yi wa jama'a bayani a kan abin da ke kawo wannan hali da kuma hanyar magance shi.

Abubuwan da ke sa doki cizo

Abu na farko da ya kamata a bincika shi ne ciwo. Haƙoran doki suna ci gaba da fitowa a mafi yawan rayuwarsa, kuma muƙamuƙinsa na sama ya fi na ƙasa faɗi. Wannan ya sa gefen turamen sama yakan yi kaifi har ya riƙa yankan kumatu daga ciki. Idan igiyar ragama ta danne wurin, dokin zai ji zafi ya kai baki. Haka nan dukushi yana famfarar haƙoran gaba yana da shekara 2 da rabi, da 3 da rabi, da 4 da rabi, a wannan tsakani bakinsa yakan dame shi. Sauran wuraren da za a duba su ne cikin kunne saboda kaska, da ƙeya inda tsohuwar igiya takan goge fata, da gefen baki inda linzami mai kaifi yakan bar miki.

Na biyu shi ne tsoro. Allah ya yi wa doki idanu a gefen kai, yana ganin kusan duk abin da ke kewaye da shi, amma ba ya ganin abin da ke daf da goshinsa ko daidai bayan wutsiyarsa. Wanda ya fito masa ta waɗannan wurare ba zato zai firgita shi. Bugu da ƙari, dokin da aka saba duka a fuska ko murɗe masa kunne ba ya mantawa, duk hannun da ya ɗago wajen kansa zai ɗauka duka ne.

Na uku shi ne sabo. Dukushin da ake ba rake ko dusa a tafin hannu, ana dariya idan ya ɗan ja riga da leɓe, shi ne gobe zai zama mai cizo. Sannan galibin dawakin da muke hawa ingarmu ne, su kuwa a ɗabi'arsu da baki suke wasa da junansu, da shi kuma suke nuna iko, musamman idan akwai goɗiya a kusa.

Na huɗu shi ne yunwa da daɗewa a turke. Doki a sake yakan shafe kimanin sa'a 16 a yini yana kiwo, domin cikinsa ƙarami ne kuma ba ya daina fitar da ruwan narka abinci. Idan aka cika shi da dawa ko gero sau biyu a rana, babu isasshiyar harawa ko ingirici a tsakani, ba a kuma fita da shi motsa jiki, zai iya samun gyambon ciki, ya zama mai saurin fushi.

Alamun da doki ke nunawa kafin ya ciji mutum

Da wuya doki ya kai cizo bai yi gargaɗi ba. Zai kwantar da kunnuwansa baya, ya tamke hanci da leɓe, farin idonsa ya bayyana, ya riƙa kaɗa wutsiya da ƙarfi ko ya miƙo wuya ƙasa-ƙasa. Duk wanda ya ga haka ya dakata, ya gyara tsayuwarsa, kada ya cusa kansa.

Matakan sanya ragama

1. A shirya ragama a kwance ta tun kafin a isa wurin dokin. A tabbata igiyar mai laushi ce, ba ta da ƙulli mai sukan fata.

2. A tunkare shi ta gefen kafaɗarsa ta hagu, ana yi masa magana da murya a kwance. Kada a tsaya a gabansa.

3. A shafa wuyansa da kafaɗarsa har sai an ga jikinsa ya saki.

4. A fara zagaya igiyar ja a wuyansa, domin a sami abin riƙewa. Kada a taɓa naɗe igiya a hannu ko a yatsa.

5. A tsaya a gefen wuyansa ana fuskantar inda yake fuskanta, a bar gwiwar hannu tsakanin jikin mutum da bakinsa, sannan a zura hancinsa a hankali, a ɗaure bayan kunnuwa ba tare da an lanƙwasa su da ƙarfi ba.

6. A bar sararin da yatsu biyu za su shiga tsakanin igiya da karan hanci.

Idan ya kai baki, a tsawata masa da murya ɗaya mai ƙarfi, a tura kansa gefe ko a sa shi ya ja da baya taku biyu ko uku. Wajibi ne a yi haka nan take, cikin daƙiƙa 2 zuwa 3, domin bayan wannan lokaci doki ba zai haɗa horon da laifinsa ba. Daga nan a koma aiki kamar ba abin da ya faru. Kada a ajiye ragamar a tafi saboda ya yi barazana, in ba haka ba ya koyi cewa cizo yana korar mutum. Muna jan hankali ƙwarai a guji bulala a fuska, domin tana ƙara tsoron da shi ne tushen matsalar.

Ga dokin da ba ya yarda a taɓa kansa, a bi shi sannu a hankali. A ɗora hannu a wuyansa, a matsa sama kaɗan, da zarar ya natsu a ɗauke hannun. Ɗauke hannun nan shi ne ladansa. A maimaita na minti 10 zuwa 15 kowace rana har a kai ga ƙeya da kunnuwa. Yana da kyau kuma a riƙa sanya ragama wani lokaci don a kai shi kiwo ko wanka kawai, kada ya zama duk sanda ya gan ta sai sirdi da wahala. A zuba abinci a kwano ko akurki na ƙasa maimakon hannu, kuma duk mutanen gida su bi ƙa'ida ɗaya. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, don haka a fara wannan horo tun doki yana dukushi.

Lokacin neman likitan dabbobi

Idan doki yana zubar da abinci daga baki, ko yana ramewa, ko bakinsa yana wari, a kira likita ya duba haƙoransa, ya goge masu kaifin da magagari. Ya dace a yi wannan dubawa sau ɗaya a shekara. Ingarman da ya gagara kuwa, a nemi shawarar likita a kan dandaƙa, kada a ba wanda bai ƙware ba.

Akwai kuma gargaɗi na musamman. Dokin da aka sani da ladabi, sai kwatsam ya fara cizon mutane ko jikinsa, yana dalala da tangaɗi, ana iya zargin cutar haukan kare, musamman in an san kare ya cije shi. A keɓe shi, kada kowa ya sa hannu a bakinsa, a kai rahoto asibitin dabbobi mafi kusa. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana gwajin tabbatar da wannan cuta. Wanda doki ya ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, ya je asibiti a ranar domin a duba buƙatar allurar sarƙewar haƙora da ta haukan kare. Kada a zuba toka ko ƙasa a kan raunin.

Kira ga shugabanni

Muna kira ga hakimai da dagatai da masu unguwanni, da jami'an sashen aikin gona na ƙananan hukumomi, da su isar da wannan bayani ga masu dawaki, musamman makonni kaɗan kafin sallah lokacin da ake sayo sababbin dawaki ko a aro su. Mai ba da aron doki ya faɗi halinsa tun da wuri, a kuma hana yara ƙanana sanya wa ingarma ragama su kaɗai. Allah ya kiyaye mu da dabbobinmu, amin.