Matsayin Gilisarol a Binciken Ƙwayoyin Kitse Masu Ɗaukar Magani: Waiwaye kan Cutar Sammore

Gabatarwa

A Titin Surame da ke Unguwar Rimi, Kaduna, akwai hedikwatar Cibiyar Binciken Cutar Sammore ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1947 a matsayin cibiyar Afirka ta Yamma. Cutar da take nazari a kanta, wadda ƙudan tsando ke yaɗawa, ita ce sammore a jikin shanu, cutar barci kuma a jikin ɗan Adam. Akasarin magungunanta tsofaffi ne, ƙwayar cutar kuma tana bijire musu, shi ya sa masana suka karkata ga sabuwar hanyar isar da magani cikin jiki. Wannan maƙala ta dubi rawar da gilisarol ke takawa a irin wannan bincike.

Ma'anar Kalmomi

Gilisarol ruwa ne mai kauri da ɗan zaƙi, marar launi, wanda ke fita daga mai idan ana haɗa sabulu. Ƙwayoyin kitse kuwa ƙananan ɗigo ne da ake aunawa da nanomita, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita. A cikinsu ake ƙunshe magani, su kare shi har ya isa inda ake bukata.

Ayyukansa a Ɗakin Gwaji

Na farko, shi ne ƙashin bayan kitsen kansa. Man gyaɗa da man kaɗanya duk sarƙoƙin kitse uku ne da suka rataya a jikin gilisarol guda. Da yawa daga kitsen da ake gina ƙwayoyin da shi ma gilisarol ne ƙashin bayansa, har da wasu daga cikin waɗanda ke cikin allurar rigakafin korona ta Moderna.

Na biyu, daidaita ruwan allura da jini. Ruwan da ya cika tsinkewa yana kumbura jajayen ƙwayoyin jini har su fashe. Gishiri zai iya magance hakan, amma yakan sa ƙwayoyin kitse su cure. Don haka ake zuba gilisarol kimanin kashi 2.25 cikin ɗari.

Na uku, kariya daga ƙanƙara. Tun 1949 Polge da abokan aikinsa a Ingila suka gano cewa yana hana ƙanƙara yayyaga ƙwayar halitta. Da shi, kimanin kashi 10 cikin ɗari, ake adana ƙwayoyin sammore da ransu a sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, domin a gwada magani a kansu daga baya.

Inda Gizo ke Saƙa

A 2002 Olbrich da Müller da abokansu a Balin suka haɗa diminazin, maganin da makiyaya suka sani da sunan Berenil, da kitse, da nufin kai shi ƙwaƙwalwa, inda cutar ke fakewa idan ta yi nisa. Sai dai ga ƙwayar sammore, gilisarol ba ɗan rakiya ba ne kawai. A 1976 Clarkson da Brohn sun nuna cewa idan aka toshe mata numfashi da wani sinadari, aka kuma ƙara gilisarol, sai ta mutu, domin fitar da gilisarol ita ce mafitar da ta rage mata wajen samun kuzari. Bugu da ƙari, ƙofar da gilisarol ke bi a fatarta ita ce mashigar magungunan fentamidin da melasoforol. Idan ƙofar ta lalace, magungunan sukan rasa ƙarfi.

Kammalawa

Ke nan wajibi ne mai bincike ya wanke gilisarol daga ƙwayoyin da ya narkar, ya kuma gwada ruwan haɗin shi kaɗai ba tare da magani ba. In ba haka ba, zai iya jingina wa sabon magani nasarar da ba tasa ba, makiyayin da ya dogara da sakamakon kuma shi zai yi asarar garkensa.